Ra'ayina kan AC mai inbata, wanda ke sanyaya ɗaki kuma ya ɗumama shi

Jama'a barkanmu da war haka. Ana yawan tambaya ko AC mai inbata da gaske yana rage shan wuta ko kuwa zaƙin bakin 'yan talla ne kawai, to ni dai na yi zafi da shi na yi sanyi da shi, kuma abin da zan ce shi ne eh yana ragewa sosai, amma ba ya kai abin da suke rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali, sannan rabin aikin ba a wajen na'urar yake ba, yana wajen wanda ya kafa maka ita da kuma kai mai riƙe da rimot.

Wanda na saya irin mai gida biyu ne, ɗaya a ciki ɗaya a waje, mai ƙarfin 1.5HP wato BTU 12,000, wanda ya kama kusan kilowat 3.5 na sanyi, gas ɗinsa R32 ne. Abin da ya ja ni gare shi kuwa shi ne yana aiki biyu, ya ba ka sanyi lokacin zafi, in hunturu ya shigo ka danna alamar rana a rimot ya koma hura ɗumi.

Bari in fara da maganar wuta tunda ita ce ta fi damun kowa yanzu, musamman tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya sa kuɗin makamashi ya yi tashin gwauron zabi a ƙasashe da dama. Tsohon AC ɗin da muka saba da shi kwampiresonsa, wato injin da ke matsa gas ɗin, hali biyu kawai ya sani, ko dai ya tashi da dukkan ƙarfinsa ko ya mutu gaba ɗaya, kuma duk tashin da zai yi sai ya fizgi wuta mai yawa, shi ya sa za ka ga ƙwan lantarki ya ɗan dushe in ya kama. Mai inbata shi ba haka ba, a hankali yake tashi, ya ƙara gudu har ɗakin ya kai sanyin da ka sa, daga nan sai ya sassauta ya ci gaba da juyawa ƙasa-ƙasa ba tare da ya tsaya ba. In ka tsaya gaban mita za ka gani da idonka, da farko yana sha ba wasa, amma da ɗaki ya ɗau sanyi sai ka ga abin ya sauka ƙwarai. To a nan fa ribar take, don haka wanda ke kwana da AC ko mai ofis da ke barinsa kunne tun safe har yamma shi zai ga bambanci a bil ɗinsa. Wanda kuwa zai kunna na ɗan lokaci ya kashe ya fita, gaskiya da wuya ya ga wani abin kirki, gara ya sani tun kafin ya kashe kuɗinsa. Masu sola da masu janareto ma za su ji daɗinsa saboda rashin fizgar nan ta farko.

Ƙara kam babu, na ciki sai ka kasa kunne kafin ka ji shi, kuma barci ya fi daɗi don ba wannan yanayin na yanzu sanyi ya yi yawa ka ja bargo anjima gumi ya tashe ka.

Ɓangaren ɗumin ne ya fi burge ni wallahi. Hita mai waya da aka sani in ta sha wuta ma'auni ɗaya zafi ma'auni ɗaya za ta ba ka, ba za ta taɓa wuce haka ba. Shi wannan ba ƙirƙirar zafi yake ba, ɗebo shi yake daga iskar waje ya shigo da shi ciki, aikin firij ne dai aka juya, ka taɓa bayan firij ka ji yadda yake da zafi ai. Saboda haka da wuta ma'auni ɗaya yakan ba ka zafi ma'auni 3 ko ma 4. Kuma kar wani ya ce ina zafi a iskar sanyi, akwai shi, ƙasar Nowe da ƙanƙara ke rufewa tana cikin waɗanda suka fi kowa amfani da wannan fasahar a gidajensu. Sai dai in sanyin waje ya tsananta ƙwazonsa yana raguwa, kuma a inda ake sanyi mai laima yakan tsaya na 'yan mintuna ya narkar da ƙanƙarar da ta taru a na wajen, ba lalacewa ya yi ba. In kana ɗumi ka karkatar da bakin iskar ƙasa, don iska mai zafi sama take gudu.

Yanzu abin da bai yi min ba. Na farko ya fi na gargajiya tsada a saye, wannan kowa ya sani. Na biyu wanda ba sa faɗa maka a shago shi ne fanel ɗin lantarkin da ke cikinsa ba ya son wuta mai hawa da sauka, in ya ƙone gyaransa ba sauƙi kuma ba kowane mai gyara ne ya iya ba, wani zai buɗe ya yi ta lalube ne kawai. In wutarku ba ta da tabbas ka haɗa da sitabilaiza tun ranar farko. Rimot ɗin ma alamominsa ƙanana ne sun yi yawa, dattijo zai sha wahala da shi.

Amma babban abin da ya ɓata min rai masu kafawa ne. Waɗanda aka turo min sun so su haɗa bututu su saki gas su kama gabansu ba tare da sun sa injin zuƙe iska ba, wai ai ba komai haka suke yi kullum. Ban yarda ba sai da aka kawo injin. Dan Allah duk wanda zai sa AC ya tsaya a kan wannan, iska da laimar da suka rage a cikin bututu suna rage sanyi, suna sa kwampireso wahala, suna gurɓata man da ke cikinsa, daga baya a ce maka kayan ne ba su da kyau alhali aikin ne aka yi na ganin dama. Ka duba sun ɗaure mahaɗar bututun da kyau sun gwada ko tana yoyo, sun naɗe bututun da soso har ƙarshe, na wajen kuma a sa shi inda iska ke ratsawa, in da hali a inuwa, ba a matse shi a lungu yana shaƙar zafin da ya fitar ba. Kuma gas ɗin AC ba ƙarewa yake ba, zagayawa yake a rufe, in kullum ana ce maka a ƙara gas to akwai inda yake zuba, a nemo wurin a toshe.

Wannan zubar ba aljihunka kaɗai take taɓawa ba. Tsohon gas R22 yana cin rufin ozon na sararin sama, shi ya sa yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyarenta suka sa ake janye shi. R410A da ya gaje shi ba ya taɓa ozon amma wajen riƙe zafi a duniya ya ninka iskar kabon sama da sau 2,000, R32 kuma sau 675, ya fi dama-dama amma shi ma ba wanke hannu ba ne, kuma yana iya kamawa da wuta kaɗan don haka ba a wasa da walda kusa da shi. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 don rage irin waɗannan gas ɗin ne. Akwai masu amfani da R290 wanda nasa bai wuce sau 3 ba, da na same shi cikin sauƙi da shi zan ɗauka. Abin yana damuna gaskiya, don 2024 ita ce shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa, kuma Hukumar Makamashi ta Duniya a rahotonta na 2018 ta ce AC da fankoki suna shan kusan kashi 10 cikin 100 na wutar duniya, sannan adadin AC zai tashi daga kusan biliyan 1.6 zuwa 5.6 nan da 2050. Zafi na sa mu sayi AC, AC na sa a ƙona mai da kwal, zafin na ƙaruwa. Ba zan ce wa mai jariri ko mara lafiya ya haƙura da sanyi ba, zafi yana kisa, amma in za a saya a sayi mai shan wuta kaɗan.

Sai maganar digiri 16 da mutane suka ɗauka a matsayin ƙa'ida. In ka sa 16 ka kashe amfanin inbatar da hannunka, don ɗakin da wuya ya kai wajen, kwampireso zai yi ta gudu ba sassauci kamar tsohon yayi. Ni tsakanin 24 da 26 nake barinsa in haɗa da fankar sama a hankali, kuma jiki yana jin sanyi sarai. Indiya tun 2020 ta sa sabbin AC su zo a saite kan 24, Sifen a 2022 ta hana wuraren jama'a kamar shaguna da ofisoshi sauka ƙasa da 27 a zafi ko wuce 19 wajen ɗumamawa, Japan kuwa a 2005 ta fara kiran ofisoshi su tsaya a 28 ma'aikata su rage kaya masu nauyi.

Ɗakin kansa ma a duba shi kafin a zargi na'ura. In babu silin mai kyau, rana na dukan taga ba labule, ƙarƙashin ƙofa a buɗe, to ɗiban ruwa da kwando kake. Labule mai kauri, toshe kafofi, da farin fenti a rufi suna rage wa AC aiki fiye da yadda ake zato, kuma a sanyi ma su ne ke riƙe ɗumin. Filta kuma a ciro a wanke duk bayan sati biyu in wurin na da ƙura, ba ya buƙatar mai gyara, ruwa ne kawai a bar ta ta bushe a mayar.

Wanda zai saya ya auna ɗakinsa tukuna ya gaya wa mai shago tsawo da faɗi da ko rana na dukan bangon, don ƙaramin AC a babban falo ba zai taɓa samun sassautawa ba. Ya duba takardar ƙimar shan wuta da ke manne a jiki ya kwatanta da na kusa da shi, sannan ya tambaya a rubuta masa garantin kwampireso daban na fanel daban, don sau da yawa shekarun da ake tallatawa na kwampireso ne kaɗai, shi kuwa fanel nasa gajere ne.