Jatan lande a Saudiyya: iri mai tsabta ko mai juriya?

'Yan'uwanmu masu aiki a tafkunan jatan lande kudu da Jidda sun san cutar farin ɗigo: tabo ya fito a ɓawo, kafin kwana 10 jatan landen tafki duk sun mutu.

Iri mai tsabta an tantance shi, ba ya ɗauke da ƙwayar cutar. Amma ranar da ta biyo ruwa ko ƙaguwa ta shigo, ba shi da kariya. Mai juriya kuwa daga zuriyar waɗanda suka tsallake annoba ake zaɓo shi, garkuwarsa ta gado ce. A ganina mai juriya ya fi, tunda jikin jatan lande ba ya tuna cuta irin namu, riga-kafi bai cika yin tasiri ba. Bayan ɓarnar da cutar ta yi a 2011, Saudiyya ta koma ga wani irin jatan lande na nau'in vannamei mai haɗa duka biyun.