Yoyon man giya a tsohuwar Marsandi 300D: yadda na ga aikin wani bakanike a Kano

Masu tsofaffin Marsandi na gas ku matso, ga sharhina kan wani gareji da na kai motata can wajajen Ƙofar Ruwa. Motar 300D ce ƙirar W123 ta 1984, injin silinda biyar, giya otomatik. Injin kam ba a magana, ko yau ka ce Legas zai kai ka, amma man giya ya dame ni, duk inda na faka sai ka ga jan mai a ƙasa, da safe kuma in na saka D sai ta yi jim kaman tana shawara kafin ta ja, a kwana ma wani sa'in sai injin ya yi ƙara ita kuma ba ta tafiya.

Wanda na fara nuna wa ko leƙa ƙasan bai yi sosai ba ya ce oyil sil ɗin gaban giyabos ne, wato robar da ke tare mai, sai an sauke giyabos gaba ɗaya. Kuɗin da ya yanka min yasa na ce bari in ji ta wani bakin.

Toh wannan na biyun abin da ya burge ni da shi, bai ce komai ba sai da ya ɗora ta kan rami ya sa yaransa suka wanke ƙasan tas da kalanzir, don tsohon injin gas dama baƙin mai ya gama lulluɓe ko'ina, iska kuma tana kwashe man ta watsa baya, inda kake ganin ɗigo ba lallai nan ne tushen ba. Ya cika mai, muka ɗan zaga, muka dawo ya haska tocila. Sai ga shi wuri biyu ne: ƙaramin sil na sandar da liban giya ke juyawa a gefen giyabos, da tiyo ɗaya cikin biyun da ke kai man giyar cikin lagireto ya huce, ya tsattsage daidai bakin ƙarfen. Gaba a bushe yake ƙaƙas. Ya ce min "Alhaji da an sauke maka giyar nan, da ka biya kuɗi kuma ka koma gida da yoyonka."

Na tambaye shi maganin kwalba ɗin nan da masu kayan gyara ke tallatawa wai yana tsayar da yoyo, ya yi dariya ya ce aikinsa ya ɗan kumbura robar da ta bushe, to tiyon da ya fashe fa me zai masa? Gaskiya na gamsu.

Tunda an buɗe sai na ce a canja filta da gaskit na farantin ƙasa. Nan ma na lura bai shafa gam ba, kuma notocin a hankali ya ɗaure su yana tsallakawa, wai in aka matse da ƙarfi bakin farantin lanƙwasewa yake, gaskit ɗin robar ya fito, yawancin yoyon ma bakanikai ne ke jawo shi da hannunsu. Man da ya zuba Dexron ne ja, ya auna injin na silo da zafinsa, giya a P, mota a kan daidai, ba kaman man inji da ake dubawa a kashe ba. Ya kuma hana ni cikawa ya wuce layi don kumfa yake yi ya dinga fita ta sama.

Inda ban ji daɗi ba shi ne lokaci. An ce min zuwa la'asar, ban karɓi motar ba sai washegari bayan azahar, wai sil ɗin da aka fara kawowa daga kasuwa bai hau ba, amma ko waya ba wanda ya min wlh. Kuma yaran sun bar min baƙin mai a sitiyari da kujera.

Yanzun dai ta daina jinkirin nan na safe, mai yana nan a layinsa. Akwai ɗan gumi a sil ɗin baya wajen farfela, ya ce in bar shi tukunna sai ya fara ɗiga, in dinga duba gejin man giya duk sati. Mai irin motar nan ya kai masa, amma ya tafi da shirin barin ta ta kwana.