Saƙo daga Liyon zuwa Garwa, a kan kayan gashin ƙashi na Baba

Yaya, ina gaisuwa, da fatan shanyewar ɓarin jikin Baba da sauƙi. Na ga saƙonka cewa in aiko da na'urar gashin ƙashi mai lantarki da keken guragu irin na Turawa. Ka ɗan saurare ni kafin mu zubar da kuɗi.

Shekara uku ke nan ina aikin tura marasa lafiya a keke a wata cibiyar gashin ƙashi a nan Faransa, don haka na ga kaya. Akwai injin tafiya da ake rataye mutum a kansa da ɗamara don kada ya faɗi, akwai tafkin ruwan ɗumi, har da wani injin Suwizalan, Lokomat, mai ɗaga ƙafafun majiyyaci yana taka masa su. Inshorar gwamnati kan biya kashi 60 na kuɗin likitan gashi, wanda suke kira kine, amma mai shanyewar ɓarin jiki irin na Baba ana ɗauke masa duka. Sandar dogarawa ma haya ake ɗauka a kantin magani. Mu kuwa komai daga aljihu, ga yuro ɗaya sefa 656.

Sai dai abin da ya ba ni mamaki, inda tsofaffin nan ke shan gumi kullum ba kan injunan ba ne. Bututun ƙarfe biyu ne a jere, daidai ƙugu, mutum ya riƙe ya je ya dawo, safe da yamma. Wallahi mai waldan bakin kasuwa zai ƙera mana shi a yini guda. Robar da suke ja don ƙarfafa hannu, ta cikin tayar babur za ta yi aikinta. Akwai kuma madubi: a ɓoye hannun da ya shanye a bayansa, a motsa mai lafiyar ana kallo, ƙwaƙwalwa ta ɗauka dukansu ne ke motsi. Da farko dariya na yi.

Kekensu an yi shi ne don daɓen siminti mai santsi. Ƙananan tayoyinsa na gaba, yashin ƙofar gidanmu zai haɗiye su, kuma in ya lalace wa zai gyara? Gara na gida mai ƙafa uku.

Na'urar lantarkin ƙarama ce, da batir take aiki, zan sako ta cikin kayan jirgin wanda zai zo da Sallah. Amma kada kowa ya manna wa Baba ita sai likitan gashi ya nuna wurin. Ka kuma roƙi Inna ta daina gasa masa ƙafar da ruwan zafi, tunda ba ya jin wurin sosai, zai ƙone bai sani ba.

Ka auna min daga ƙasa zuwa ƙugunsa, ka tambayi mai walda kuɗin bututu mita uku guda biyu. A gaida Inna da yara.