Aikin ofis ko ɗakin kati: wace makaranta ta cancanci kuɗinka a Kaduna?

Da zarar sakamakon WAEC da NECO ya fito, sai allunan talla su cika gari, tun daga Kawo da Tudun Wada har Rigasa: koyi aikin ofis cikin wata uku, koyi aikin asibiti cikin wata shida, ga difloma a hannu. Iyaye su kwashe ɗan abin da suka tara su biya. Yaro ya gama, ya rungumi takardarsa ya nufi inda ake ɗaukar ma'aikata, sai a can ne za a shaida masa ba a san da wannan takarda ba. Wannan abu yana ci mini rai, domin mafi yawan masu faɗawa ciki 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, waɗanda ba su da halin sake biya karo na biyu.

Hanyoyin da ke gaban mai son wannan sana'a a Kaduna uku ne, kuma ba wuri ɗaya suke kai mutum ba. Kafin ka tambayi nawa ne kuɗin makaranta, fara tambayar kanka a ina kake son ka zauna aiki, sannan ka bincika wace takarda masu wurin suke karɓa.

Mafi sauƙi ita ce cibiyar koyon kwamfuta ta unguwa. Wata uku zuwa shida, awa biyu a rana, ba JAMB, ba a ƙirga maka kiredit. Za ka koyi buga rubutu, Word, Excel, aika imel, da sarrafa firinta. Ban raina wannan hanya ba ko kaɗan. Ga wanda ke zaman jiran gurbin karatu, ko ma'aikacin da ya riga ya samu kujera amma kwamfuta na ba shi tsoro, ko yaron shago da maigidansa ke son ya riƙe masa lissafi, ko matar aure da ke son buɗe wurin buga takardu kusa da gida, ita ce daidai. Abin da take bayarwa iyawa ce ta hannu. Takardar da za a miƙa maka kuwa ta mai cibiyar ce, shi ya buga ta, shi ya sa hannu, kuma ko ya rubuta "difloma" da ruwan zinare ba za ta tsaya a madadin ND, wato diflomar ƙasa ta kwalejin fasaha, ba. Akwai 'yan cibiyoyi da NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, ta yi wa rajista, masu ba da shaidar koyon sana'a ta NVC ko ta NSQ. Waɗannan takardunsu na da nauyi, amma kada a gaya maka da baki, a nuna maka wasiƙar. Sannan ka je da ƙafarka lokacin da ake tsaka da darasi, ba tare da ka sanar ba. Ƙirga kwamfutocin da ke kunne, ƙirga ɗalibai. In mutum huɗu ne a kan na'ura ɗaya, ko kuma ana zaune ana jiran wuta ba janareta ba sola, juya abinka.

Hanya ta biyu ita ce diflomar fasahar ofis da gudanarwa, wadda aka fi sani da OTM. Shi ne tsohon karatun sakatare, wanda NBTE ta sabunta manhajarsa ta kuma sauya masa suna a 2004, bayan kwamfuta ta kori tafireta daga ofisoshi. Ana yin sa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda asalinta ke komawa 1956, da kuma ta Nuhu Bamalli a Zariya. Shiga sai da JAMB da kiredit a darussan da ake buƙata, ciki har da Turanci. Shekara biyu ND, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan shekara biyu HND, wato babbar difloma, ga mai son ci gaba, daga nan sai bautar ƙasa in shekarun mutum ba su wuce 30 ba. Ana koyar da buga rubutu da sauri, tsara wasiƙu, rubuta bayanan taro, adana fayil, ɗan lissafin kuɗi, har da rubutun gaggawa na sakatarori, wanda ɗalibai ke kuka da shi.

Faɗin wannan takarda shi ne ƙarfinta. Ma'aikatun gwamnati, makarantu, bankuna, ofisoshin lauyoyi, ƙungiyoyin agaji, har da ofishin shugaban asibiti, duk suna buƙatar wanda ya iya riƙe ofis. Amma ƙofar da kowa ke iya shiga cunkosonta ya fi yawa. Mai digiri a kowane fanni yana iya neman kujerar da kake nema, ba dokar da ta hana shi. Abin da zai fifita ka sai saurin hannu da tsabtar Turancinka a rubuce. Wanda ya san rubuta wasiƙa ɗaya na ɗaukarsa rabin yini, ya yi wa kansa adalci tun kafin ya sayi fom.

Ta uku ita ce na fi son a fahimta, domin a nan aka fi cutar mutane. Abin da muke kira ɗakin kati sana'a ce mai doka a kanta. Sunan karatun kula da bayanan lafiya, HIM a taƙaice, kuma akwai hukumar da ke yi wa masu yin sa rajista, HRORBN, wadda aka kafa da doka mai lamba 39 ta 1989. Ita ke shirya jarrabawar ƙwarewa, ita ke ba da lasisi. Manyan asibitocin garin nan, irin su Barau Dikko, Asibitin Ido na Ƙasa, Asibitin Kunne, da asibitin masu taɓin hankali na Barnawa, ba wuraren da kwas ɗin wata shida zai zaunar da mutum a matsayin jami'in bayanai ba ne.

Mutane na ɗauka aikin bai wuce yanka kati da kiran suna ba. Ya wuce nan nesa. Kai za ka ba majinyaci lambar da za ta bi shi tsawon zuwansa asibitin, ka ajiye fayil ɗinsa inda za a same shi cikin mintuna ko bayan shekara biyar. Kai za ka karanta abin da likita ya rubuta, ka mayar da sunan cutar zuwa lambarta a tsarin ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya. Shi ya sa ake koyar da sassan jikin ɗan Adam da kalmomin likitanci. Kai za ka haɗa alƙaluman wata, haihuwa nawa, zazzaɓin cizon sauro nawa, rigakafi nawa, a shigar da su manhajar DHIS2 da gwamnati ke tattara bayanan lafiya da ita. Tun da inshorar lafiya ta shigo, hukumar KADCHMA a jiha da ta NHIA a tarayya bayan dokar 2022, sai aka ƙara wani nauyin: takardun neman biyan kuɗi, waɗanda in an cike su ba daidai ba asibiti ne ke asara. Fayil ɗin mai ciwon suga ya ɓace kuwa, likita ya rasa maganin da aka ɗora shi a kai, dattijo ya sake biyan kuɗin gwajin da ya riga ya yi. Wannan ba ƙaramin alhaki ba ne.

Akwai makarantar wannan fanni a ƙarƙashin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai kuma kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris a Makarfi, ga kwalejoji masu zaman kansu da ke ta ƙaruwa. Nan ne wurin buɗe ido. Amincewa iri biyu ake nema, ta NBTE in difloma ce, da ta HRORBN, kuma kwas ake amince wa, ba ginin makaranta ba. Kwaleji na iya samun izinin koyar da lafiyar al'umma, ta buɗe HIM a gefe ba izini, tana cewa "yana kan hanya". Kada ka ɗora shekarunka a kan abin da ke kan hanya. Tambaye su ko suna tura sunayen ɗalibai hukumar don a ba su lambar rajista tun a shekarar farko, kuma yaushe ɗalibansu suka zauna jarrabawar lasisi ta ƙarshe. Mu 'yan Kaduna ma an hutar da mu, tunda NBTE na da ofishi a garin nan. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Fannin yana son kiredit a darussan kimiyya, musamman Bayoloji, saboda haka wanda ya yi ajin kasuwanci ko na adabi a sakandare ya duba sharaɗin shekarar da kyau kafin ya kashe kuɗi. Sai kuma abubuwa biyu da ba a rubuta su a fom. Asibiti ba ya rufewa. Akwai aikin dare, akwai na ƙarshen mako, wani lokaci har ranar Sallah, don haka mace mai aure ko mai shirin yi ta zauna da maigida ko iyaye a fahimci juna tun yanzu. Na biyu shi ne kama baki. Za ka ga sakamakon gwajin maƙwabcinka, ka ga fayil ɗin matar abokinka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana fitar da sirrin majinyaci, amma tun kafin doka amana ce, kuma a gari irin namu da kowa ya san kowa, kalma ɗaya a majalisa ta isa ta kashe aure. Wanda bakinsa ba ya riƙe magana ya nemi wani fannin, don Allah.

In ni za a tambaya, mai kiredit ɗin kimiyya da ke da haƙuri da jama'a ya ɗauki HIM. Ƙofar ƙarama ce, amma lasisi na rage masu gogayya da kai, kuma jihar da ke da mazaɓu 255, kowace da cibiyar lafiya a matakin farko, ga asibitoci masu zaman kansu, ba za ta rasa buƙatar masu riƙe bayanai ba. Ban ce aiki na jiran kowa ba. Gwamnati kan daɗe ba ta ɗauki ma'aikata ba, asibitocin kuɗi kuma albashinsu sai haƙuri. Wanda ba shi da kimiyya amma alƙalaminsa na da kyau, OTM ta fi masa. Kowanne ka zaɓa, wata ukun da za ka yi a cibiyar kwamfuta mai kyau kafin a fara karatu ba asara ba ce, domin a manyan makarantu ɗalibai sun fi na'urori yawa.

Wajen lissafin kuɗi, kada ka tsaya a kuɗin makaranta. Mai zuwa Makarfi ko Zariya zai biya wurin kwana da abinci. Mai karatu a cikin gari zai biya kuɗin mota kullum, kuma kwalejin Kaduna rassa gare ta a Tudun Wada, Unguwar Rimi, Barnawa da Bayafas, don haka a tambayi inda sashen yake. Ɗalibin HIM na da ƙarin kuɗin rajista da na jarrabawar hukuma. Karatun yamma ko na ƙarshen mako ya dace da ma'aikaci, sai dai masu yin sa ba sa tafiya bautar ƙasa, wasiƙa ake ba su a madadin haka. Duk abin da za a biya kuma a biya shi ta asusun makaranta, ta Remita in ta tarayya ce, a ajiye rasit. Wanda ya ce a turo kuɗin fom ko na gurbi asusunsa na kansa, ko da a cikin harabar makarantar kuka haɗu, kada a ba shi ko sisi.