Garejin da ya sauke min bayan 504 a Panteka

Motar dai a-kori-kura ce Peugeot 504 ta marigayi Baba, irin waɗanda ake haɗawa nan Kakuri, Kaduna, a kamfanin PAN da ya fara aiki 1975. Tun da na daina ɗaukar kaya da ita bayanta kullum a ɗage kamar ɗuwawun tinkiya, ni kuma kallon YouTube ya ɓata ni, ina ganin yadda 'yan Amurka ke kwantar da tsofaffin a-kori-kura Chevrolet C10 har ƙasa, na ce nima sai na yi.

Kuskuren farko nawa ne. Wani mai walda a unguwarmu ya ce abu mai sauƙi, ya sa wutar gas ya gasa sifirin, wato falle-fallen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin bayan mota, har ya yi ja, mota ta sauka kuwa, amma kafin sati uku gefen hagu ya fi na dama zama, tana tafiya a karkace kamar kaguwa. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen sifirin, in ya yi laushi shikenan ba ya komawa daidai, sai da na sayi wasu na hannu.

Daga nan aka min kwatancen wani dattijo a Panteka, ba zan faɗi sunan garejin ba don akwai inda zan yi ƙorafi. Abin da ya burge ni bai taɓa sifana ba sai da ya shiga ƙarƙashi da tef ya auna tazarar aksil, ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, da shasi, ƙashin jikin motar, sannan ya ce Alhaji ƙarami inci nawa kake so, na ce shida, ya yi dariya ya ce to a Murtala Square kaɗai za ka riƙa tuƙa ta. Ya min bayani dalla dalla, bulok ɗin da ake sawa tsakanin aksil da sifirin shi ne mafi araha amma sai motar da aksil ɗinta ke saman sifirin yake wa aiki, kuma in ya yi tsayi da yawa aksil na murɗawa in ka taka mai ko birki, ga dogayen yu-bol, ƙusoshin da ke ɗaure aksil da sifirin, da ke leƙowa ƙasa suna jiran dutse. Juya aksil daga ƙasan sifirin zuwa sama da ake yi wa C10 na 1973 zuwa 1987 yana ba da wajen inci 5 ko 6, amma sai an yanke shasi an yi wa aksil gurbi, ni kuwa wallahi ba mai sa wa motar Baba abin yanka. Jakar iska da ake ɗaga mota ko sauke ta da ita ma mun taɓo, kwamfireso da tanki da tiyo, da ƙurar hunturun nan da kuɗin da za ta ci, nan take muka bar zancen.

Abin da aka yi a ƙarshe, an warware sifirin ganye ganye an rage lanƙwasarsu da injin matsa ba wuta, aka sauke ta inci 2, aka sa shokazoba gajeru don tsofaffin za su riƙa ƙurewa, aka ɗan rage robar da ke hana aksil bugun shasi. Ranar gwaji farfela, sandar da ke kai juyin inji ga tayoyin baya, ta riƙa kakkarwa in gudu ya wuce 60, na koma, ya sa ɗan siririn ƙarfe ya gyara kusurwar diferenshal, inda farfela ke haɗuwa da aksil, bai karɓi ko sisi ba a kan wannan.

Ƙorafina lokaci ne. Kwana uku aka ce min sai da ta yi tara, yau babu wuta gobe yaro ya tafi biki, kuma yaran sun shafa min baƙin mai a kujera ba wanda ya ce yi haƙuri. Kuɗin aikin ma ya ɗan fi na sauran wurare.

Yanzu wata biyu kenan, tana zaune daidai, shan kwana ya fi daɗi, bam ɗin rage gudu na hanyar Rigasa ina haye su a hankali ba ta taɓa ƙasa. Sai dai ta ɗan yi tauri a ramuka, kuma jiya da na ɗauko wa Hajiya buhun masara biyar daga Kawo na ji aksil yana sumbatar roba, don haka mai sana'ar ɗaukar kaya kada ma ya fara.