Wata huɗu da nas mai zuwa gida a Agege

Ranar da aka sallamo Hajiya daga asibiti bayan ta samu shanyewar ɓarin jiki, mun dawo gida Agege da ledar magunguna, babu wanda ya san ta inda zai fara. Ni a kasuwar Mile 12 nake, tun asuba nake fita. Matata da ƙanwata ne a gida. Shi ya sa muka nemi ɗaya daga cikin kamfanonin nan masu turo ma'aikatan jinya har gida.

Sai da na shiga harkar na gane ma'aikatan iri biyu ne. Akwai nas mai lasisi, wadda za ta yi allura, ta wanke ciwo, ta canza robar fitsari. Akwai kuma mai kula kawai, aikinta wanka da ciyarwa da gyaran shimfiɗa. Kuɗinsu ba ɗaya ba ne, don haka ku tambayi wacce za a turo muku, a nuna muku lasisin.

Mun ce mace muke so, aka ba mu. Ba ta jin Hausa, Hajiya kuma ba Turanci ba Yarbanci, da ishara suka fara. Kafin mako biyu ta iya "sannu Mama" da "ina ke ciwo?"

Abin da ya sa ba na baƙin cikin kuɗin da na kashe shi ne koyarwarta. A zuwanta na uku ta kira matata, ta nuna mata wani wuri a ƙasan bayan Hajiya da launinsa ya sauya, ta ce ta taɓa. Da ɗumi. Ta ce daga nan gyambon kwanciya yake farawa. Daga ranar muke juya ta duk bayan awa biyu, filo tsakanin gwiwoyi, diddige ba ya taɓa katifa. Ta hana a ba ta abinci a kwance. Sai an zaunar da ita, kunu mai kauri cokali-cokali, saboda ruwa tsinkakke ne ke ƙware ta. Awon hawan jini kuma a littafin makaranta take rubutawa, shi muke kai wa likita.

Inda suka ɓata mini rai: sau biyu suka turo wata daban ba sanarwa. Hajiya ta ƙi yarda baƙuwa ta yi mata wanka, kuma ina ganin gaskiyarta. Ba su kuma faɗa mana tun farko cewa kuɗin mai gashi da motsa gaɓɓai daban ne ba. Makara kam, wanda ya san cunkoson Legas ranar ruwan sama ba zai cika ƙorafi ba.

Dare namu ne. Ƙanwata ta rame a watan farko, sai muka raba kwana tsakanin mu uku.

Yanzu Hajiya tana riƙe kofi da hannun hagu, mun rage zuwan nas ɗin zuwa sau biyu a mako.