Injin hura taya mai silinda biyu: yadda yake aiki a rairayin Saudiyya da inda yake gazawa

Da zarar sanyi ya shigo, daga Nuwamba har zuwa Maris, duk wanda ke Riyad ya san hanyar Sumama cika take yi da yammacin Alhamis. Wasu su nufi jan rairayin da ke wajen Muzahimiyya kan hanyar Makka, mutanen Jidda kuma su yi wajen Usfan. Wannan fitar da Larabawa ke kira kashta ta shiga jinin 'yan'uwanmu Hausawa mazauna nan sosai, musamman matasan da suka samu Hilux ko tsohuwar Patrol. Tabarma, butar shayi, kwali guda na karta don buga balot, shi ke nan. Abin da aka fi mantawa da shi shi ne abin da zai mayar wa taya iskarta bayan an gama shawagi a rairayi, kuma a kansa sharhin nan yake.

Injin da na yi amfani da shi irin wanda ke cike a shagunan kayan ƙawata mota ne, manfak a bakin masu shago. Silinda biyu, volt 12, yana zuwa da jaka, tiyo mai murɗewa kamar wayar tarho, geji, da waya mai bakin kada biyu da ake maƙalawa a batir. Sunaye daban-daban ake manna masa amma ƙirar ɗaya ce, don haka sunan da ke jikin kwalin ba abin dubawa ba ne. A kwalin an rubuta lita 150 na iska a minti ɗaya da matsin psi 150 (psi shi ne ma'aunin matsin iskar taya). Hukuncina a taƙaice: injin kansa ya biya kuɗinsa, amma kayan da aka haɗo shi da su, wato fis da tiyo da geji, su ne za su ba ka kunya idan ba ka gyara su tun a gida ba.

Mota mai nauyin tan biyu da rabi, idan tayoyinta na da psi 33 kamar na kwalta, yankan rairayi take yi tana nutsewa. Idan aka rage zuwa 15 ko 18, ɓangaren da ke taɓa ƙasa yana ƙara tsawo. Mutane da yawa suna zaton faɗi yake ƙarawa, alhali tsawon ne ya fi ƙaruwa, shi ne kuma ke sa motar ta hau kan rairayin maimakon ta tona shi. Idan mota ta riga ta kafe, ana iya sauka har 10 ko 12 don a fito da ita, amma a nan duk wata kwana mai zafi na iya zare bakin taya daga jikin rim. Matsalar tana zuwa ne lokacin komawa gida. Taya mai psi 15 a kan kwalta da gudun kilomita 100 lanƙwashewa gefenta yake yi a kowane juyi, ya ɗauki zafi, zaren cikinta ya saki. Wani lokaci ba ranar za ta fashe ba, sai bayan mako biyu a tsakiyar babbar hanya. Mai banshar, wato mai facin taya, mafi kusa kuwa yana iya zama kilomita 30 daga inda ka fito.

Yanzu batun lita 150 ɗin nan. Ana auna wannan adadi ne da bakin tiyo a buɗe, babu wani matsi da ke tura iskar baya. Da ka ɗaura shi a taya labari ya canza. Taya mai lamba 265/65R17, wadda ke kan yawancin Hilux da Prado da Fortuner, cikinta yana ɗaukar kusan lita 65. Ɗaga ta daga 15 zuwa 33 ƙarin psi 18 ne, wato kimanin bar 1.2, tunda bar ɗaya psi 14.5 ne. Ke nan iskar waje kusan lita 80 ake bukatar turawa. Da maganar kwalin gaskiya ce, rabin minti ya isa. A aikace tsakanin minti ɗaya da rabi zuwa biyu yake ɗauka, wato abin da ke shiga tayar bai wuce lita 40 zuwa 55 a minti ba. Wani ɓangare na laifin ba na injin ba ne, ramin bawul ɗin taya ne ƙarami, iyakar abin da zai wuce ta cikinsa ke nan. Duk da haka tayoyi huɗu cikin minti goma, har da zagayawa da ɗaurawa da kwancewa, ba abin rainawa ba ne. Ƙaramin injin da ake sakawa a soket ɗin kunna sigari yakan ci minti takwas zuwa goma a taya ɗaya irin wannan, kuma kafin ya kai ta uku ya yi zafin da dole a bar shi ya huce. Shi an yi shi ne don ƙara psi uku a Camry, ba don wannan aikin ba.

Wutar da yake ja ita ce abin da ya kamata mai saye ya fara fahimta. Soket ɗin sigari fis ɗinsa amp 10 ne ko 15. Injin silinda biyu yana jan sama da amp 30, yana ƙaruwa kuma yayin da matsin taya ke hawa. Don haka kada wani ya yanke bakin kadan ya haɗa masa kan soket wai don sauƙi, fis ɗin motar zai ƙone nan take, in kuma an taɓa saka mata fis babba to wayar cikin mota ce za ta narke. Kai tsaye batir ake maƙala shi, ja a kan alamar tarawa, baƙi a kan alamar ɗebewa ko wani ƙarfe na jikin injin mota. Kuma motar ta kasance a kunne. Batir a kashe volt 12.6 yake bayarwa yana raguwa, a kunne kuwa kusan 14. Bambancin ana jin sa a kunne, sautin injin yakan ɗaga, aikin ya yi sauri. Wanda ya hura tayoyi huɗu mota a kashe da tsohon batir, yana iya gamawa ya murɗa makulli ya ji shiru, ga magariba ta yi.

Gurin da ya fi rauni a jikin wayar shi ne gidan fis. Roba ce mara kauri, ƙarafunan da ke riƙe fis ɗin ba sa kama shi da ƙarfi. Inda haɗi ya yi sako-sako kuma ga wuta mai yawa na wucewa, zafi ke taruwa. Bayan tayoyi uku a jere, taɓa gidan fis ɗin za ka ji ya fi wayar zafi nesa ba kusa ba, a hankali robar ta fara lanƙwashewa, wata rana injin ya tsaya cak alhali fis ɗin bai ƙone ba. Gyaran ba tsada: duk mai wayarin a sana'iyya, wato unguwar makanikai, zai yanke shi ya saka babban gidan fis mai ɗaurin kusoshi, da fis daidai da lambar wanda ya cire. Kada a yarda ya haɗe wayar babu fis. Bakin kadan ma a duba, sau da yawa ɓari ɗaya kawai aka jona wa waya, kuma matsewa aka yi ba a yi masa dalma ba.

Sai tiyo. Iskar da aka matsa zafi take yi, kan silinda da ƙarfen da tiyo ke shiga suna kai zafin da zai ƙona hannu cikin 'yan mintoci. Tiyon roba mai murɗewa da ke zuwa a jakar yana laushi daidai wannan wuri, ya kumbura, ya zame ko ya tsage. Maganinsa a samo guntun tiyon baƙar roba mai zare a ciki, kamar rabin mita, a sa shi tsakanin injin da tiyon asali, shi zai sha zafin. A tafi da injin shagon, domin mahaɗin da ke jikinsa ba lallai ya dace da wanda aka saba sayarwa ba. Safar hannu ta fata kuma ta zauna cikin jakar dindindin.

Akwai wani abu da ba a rubuta shi da manyan baƙaƙe ba alhali ya cancanta. Wannan injin ba shi da makunnin da ke kashe shi idan matsi ya cika. Bakin tiyonsa a buɗe yake, ko ba a ɗaura a taya ba iska na fita. Idan ka canza masa baki ka sa irin bindigar masu banshar mai rufewa, da ka saki hannu iska ba ta da mafita, matsi ya haura, ko tiyo ya fashe ko fis ya tafi. Mai son irin wannan bindiga sai ya sa an ɗaura masa makunnin matsi tukuna. Haka kuma ya fi sauƙi ga injin a kunna shi kafin a gama ɗaura bakin a taya mai iska, saboda tashi a kan matsi yana sa ya ja wuta fiye da ƙima.

Gejin da ke jikinsa kuwa, a ɗauke shi a matsayin ado. An raba fuskarsa har zuwa 150, don haka tsakanin 15 da 18 tazarar ba ta kai kaurin allurar ba. Ƙari a kan haka, yayin da injin ke aiki yana nuna matsin cikin tiyo ne ba na taya ba, yakan ɗara da psi biyar ko fiye. Sai an kashe, allura ta zauna, sannan a karanta. Geji na daban mai iyakar 60 ya fi, kuma da shi za a riƙa aunawa wajen ragewa da wajen hurawa, don kada ma'auni biyu su rikita ka. Adadin da za a mayar yana rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba lambar da ke gefen taya ba, wannan iyakar abin da tayar za ta ɗauka ce. Lambar ƙofar kuma ta taya mai sanyi ce. Tayar da ta fito daga rairayi da zafinta, a ƙara mata psi uku a kai, washegari da safe kafin a motsa motar a sake aunawa a daidaita. Kowane digiri biyar zuwa shida na zafi yana canza kusan psi ɗaya.

Game da juriya, yana da na'urar da ke yanke wuta idan ya yi zafi da yawa, tana kuma aiki. A daren hunturu yana gama mota ɗaya ya shiga ta biyu ba tare da ya tsaya ba. Da rana a watan Mayu ko Satumba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kafin ya gama mota ta biyu yakan yanke, sai an jira kamar kwata na awa. Idan ayari ne na motoci biyar da injin guda, za a yi sallar isha'i a wurin. A ajiye shi a inuwar mota, kan katako ko tabarmar ƙafa ta mota, ba kan rairayi ba. Dalili kuwa shi ne yana rawa yana tona wa kansa rami, matatar iskarsa kuma soso ce 'yar ƙarama a ƙasa-ƙasa. Fistin ɗinsa ba ya amfani da mai, zobe ne na roba mai santsi ke riƙe matsi, kuma yashi ne babban maƙiyinsa. Alamar zoben ya cinye ita ce injin na ƙara kamar kullum amma ya kasa wuce 25. Kada a ɗiga masa mai da sunan taimako, man zai kama ƙura ya zama abin gogewa. A cire soson lokaci-lokaci a wanke a shanya.

Ban da injin, ina amfani da ƙananan bawul huɗu na tagulla masu rage iska da kansu, waɗanda ake murɗawa a kan kowace taya su tsaya idan sun kai adadin da aka saita. Saitin farko ne ke da ɗan wahala. A rage taya ɗaya zuwa 16 da geji amintacce, a ɗaura bawul ɗin hularsa a matse, a riƙa sassautawa har iska ta fara fita, a ɗan mayar har ta tsaya, a kulle zoben. Haka za a yi wa huɗun a kan wannan tayar. Suna sauƙaƙa wa gwiwa da baya, amma ƙwayar yashi ɗaya ta shiga ciki sai ɗaya ya ƙi tsayawa, ka dawo ka tarar da taya a 8. Kada a ɗaura a tafi shan shayi. Fitilar gargaɗin iskar taya za ta kama a sababbin motoci, wannan ba komai, tana mutuwa bayan an hura an ɗan yi tafiya. Masu bawul na ƙarfe mai na'ura a ciki su murɗa a hankali, karyewarsa kuɗi ne.

Inda injin ya gaza gaba ɗaya shi ne mayar da tayar da ta zare daga rim. Wannan aiki iska mai yawa yake so a bugu ɗaya, shi kuwa ba shi da tanki. Ana iya dacewa idan an ɗaga motar da jak a kan katako mai faɗi, an share yashin bakin rim, an shafa ruwan sabulu, an cire zuciyar bawul don iska ta wuce da yawa, an kuma ɗaure tsakiyar tayar da igiyar ɗaure kaya mai matsewa. Wani lokaci ta kama, wani lokaci ta ƙi. Dabarar fesa fetur a kyasta ashana da ake gani a bidiyo ta ƙona fuskoki da yawa, saka safaya ya fi.

Wanda motarsa ke da rim inci 20 ko 22 da siririyar taya, injin nan ba zai magance masa komai ba, domin babu gefen da zai lanƙwashe tun farko, rim 16 ko 17 ne na rairayi. Mai shiga daji kowane mako da ayari, ko mai manyan tayoyi inci 35, gara ya ƙara kuɗi ya sayi wanda ake ɗaurawa dindindin a cikin mota mai tanki da makunnin matsi. Mai fita sau biyu ko uku a wata da iyali, mota ɗaya, taya inci 31 zuwa 33, wannan ya wadatar da shi, muddin ya canza gidan fis, ya ƙara guntun tiyo, ya sayi geji na daban. Kafin a biya kuɗi a sa mai shago ya maƙala shi a batir ya kunna, a saurara ko silinda biyun na bugawa daidai babu ƙarar ƙarfe, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata saboda garanti.